Ranar da Mahaifiyata Ta Kama Sunana

Shekarun baya can, tun Gate City Boulevard tana amsa sunan High Point Road, ni da mahaifiyata muna zaune a Amurka, a wani ɗan gida bayan wurin sayar da motocin da nake wa wanki. Daga Jos muka taho, bayan rikicin da ya ci gidanmu, ya ci mahaifina. Muka nemi mafaka, aka sa mana ranar zuwa gaban alƙali. In ya ƙi, sai komawa inda ko bango ba mu bari a tsaye ba.

Ni ne ɗan fari, kuma mahaifiyata irin matan da ne masu alkunya. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai" ne, ko "yaron nan". Bai taɓa zuwa mini a rai in gaya wa lauyarmu wannan ba, ni da nake ji da boko, har ina gyara wa mutane Turanci a ƙofar masallaci.

Ranar shari'a ta ba da labarin ƙona gidanmu tiryan-tiryan, ko hawaye ba ta yi ba. Sai lauyan gwamnati ya tambaye ta sunan ɗanta na fari. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ga shi nan zaune." Ya sake tambaya, ta sake nuna ni. A karo na uku ta ce, "Ba zan iya faɗa ba." Tafinta ya juya maganar yadda ta fito. Na ɗaga hannu, alƙali ya ce in yi shiru. A hukuncinsa ya ce matar da ta kasa faɗin sunan ɗan da take iƙirarin nata ne, ba zai gaskata sauran zancenta ba.

A mota na kasa riƙe bakina. "Haba Mama! Suna ne fa kawai. A kan suna za ki kashe mana kes?"

Tana kallon taga ta ce, "Uwata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan yayana ba. Ni zan fara, a gaban baƙi?"

Har gobe ina jin kunyar tsawar da na yi mata.

Wani dattijo mutumin Nijar mai shagon nama, wanda kowa ke ce wa Alhaji, shi ya tashe ni tsaye. "Ɗana, ku yi afil. Dosiyen nan, fayil ɗin shari'arku, bai mutu ba." Lauyarmu ta ɗaukaka ƙara a kan cewa alƙali bai ko tambayi dalilin shirun ba. A matakin farko aka kori ƙarar, muka wuce kotun tarayya. Sama da shekara biyu, duk ranar da zan buɗe akwatin wasiƙu sai gabana ya faɗi. Daga ƙarshe aka ce a sake sauraron shari'ar.

Wannan karon mun je da shirinmu: gwajin jini, da takardar da Alhaji da wasu iyaye mata suka sa wa hannu, suna bayanin al'adar. Alƙalin nan dai muka tarar. Ya ce ya karanta, ya gane, ba sai ta faɗi sunan ba.

Na sauke ajiyar zuciya. Sai na ga mahaifiyata ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, zan faɗa," in ji ta. "An taɓa rubutawa a ɗakin nan cewa ba nawa ba ne."

Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, ta kira sunana cikakke, har da na mahaifina. Ni ƙaton da ke gyara wa mutane Turanci, ni na ɓarke da kuka har sai da lauya ta miƙo mini ruwa. Ranar aka ba mu mafaka.

A da ina ɗauka taurin kai ne ya sa ta yi shiru. Yanzu na san ba don a bar ta a Amurka ta buɗe baki ba, tunda an riga an ɗauke mata. Don ni ta yi, kuma ba abin da nake alfahari da shi kamar wannan.

Muna fita daga kotun na koma "kai", kuma a nan nake har yau, da furfurata. Amma na karɓi kwafin abin da magatakarda ya rubuta ranar, na adana shafin. Sau ɗaya tak uwata ta kama sunana, kuma ina da shi a rubuce.