Ranar da Inna Ta Ji Takun Furotin

A gidansu ana kiranta Sanɗa, don ko ruwa za ta ɗebo sai ta yi tafiya kamar mai gudun tada jariri. Ba da wannan hali aka haife ta ba, aiki ne ya mayar da ita haka. Tana yarinya ita ce mai kwance rediyon babansu ta kasa mayarwa. Ta girma ta karanci kimiyyar haske da motsi, daga baya hankalinta ya koma kan abin da ke gudana cikin ƙwayoyin jiki. Da ta sami digirin dakta, yayyenta na ce mata likita su bi da dariya, don ko maganin ciwon kai ba ta iya rubutawa.

Wurin aikinta wani ɗaki ne a ƙasan bene, babu taga, teburinsa a kan iska yake zaune don kada ya girgiza. Can take kama zare ɗaya na DNA, zaren da ke ɗauke da gadon halitta, ta miƙar da shi tsakanin 'yan ƙwallaye biyu da hasken leza, wani siririn haske mai ƙarfi, ke riƙewa. Sai ta saki furotin guda, wani ƙanƙanin sinadari mai aiki cikin ƙwayoyin jiki, ya hau zaren yana karanta shi, ita kuma tana auna takunsa. Mutum ya taka da ƙarfi a ɗakin, awon yini ya lalace. Shi ya sa ake cire takalmi a ƙofa, ake haɗiye tari.

Mahaifiyarta, Inna, ta sha tambayarta, "Wai me kike kallo a ramin nan har furfura ta fito miki?"

Kullum Sanɗa sai ta ce bari aikin ya yi kyau tukuna. Aikin kuwa ya yi kyau, amma kafin nan idon Inna ya dushe, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Abin ya ci Sanɗa a rai matuƙa, domin ita ta yi ta jan ƙafa.

Sai ta gyara na'urar ta yadda kowane taku zai ba da sauti ta abin saurare na kunne. Ta kawo Inna, aka ajiye sandarta tare da takalma. Da shigarta, tsohuwa ta laluba ta dafa teburin, zaren ya tsinke nan take. Sanɗa ta janye hannun tsohuwar daga teburin a hankali. Ta zaunar da ita, ta soma daga farko. Sai da la'asar zare ya sake kamuwa, ta saka wa Inna abin sauraren a kunne.

Ƙas. Ƙas. Shiru. Ƙas.

"Ya tsaya," Inna ta ce cikin raɗa.

"In ya yi kuskure yakan ja da baya ya gyara, sannan ya wuce."

"Wa ya koya masa?"

"Abin da nake nema ke nan, Inna."

Tsohuwa ta dafa ƙirjinta a hankali. "Yanzu irin wannan yana cikin jikina?"

"Ko'ina. Tun kafin ki haife ni yake tafiya."

"Har a idon nan?"

"Har a idon."

Hawaye ya gangaro wa Inna, ba ta ɗaga hannu ta share ba. Sanɗa ta buɗe baki za ta nemi gafarar jinkirinta, Inna ta damƙe mata hannu.

"Yi shiru, 'yar nan," ta ce. "Kada ki firgita shi."