Kwanon Kifi a Ƙofar Mangaza

Jiya wata mata ta wuce da kyafaffen kifin garin Tunuga, ƙanshinsa ya tuno mini da tsohon kwantabul ɗin nan, mai duba lissafi, da na koyi aiki a hannunsa a Gaya, zamanin Faransawa. Ya daɗe da rasuwa, ni ma ƙarfina ya tafi.

Wata rana an tura ni da shi binciken mangazar da ake ajiye gyaɗa. Tun safe muke hawan buhuna, ƙaiƙayi ya cika mini wuya. Da azahar sai mai kula da mangazar ya aiko mana shinkafa da kifi. Da ma Baturen biro, shugaban ofishinmu, ya gargaɗe ni cewa ɗalibin da ya ci abincin wanda ake bincika, korarsa za a yi. In kuwa an mayar, an wulaƙanta dattijo a garinsa.

Na ce wa kwantabul, "Baba, ko dai mu mayar?"

"Mayar? Kai, makarantar lakkol ta ɓata ka! Ɗauko."

Ya ajiye kwanon a bakin hanya, ya kira 'yan dako da direba, har da wani jandarma mai wucewa. Kowa ya sa hannu. Ni kan kifi kawai na samu.

Yana suɗe yatsa ya ce, "To, wa aka saya a cikinmu? Tashi, saura buhuna."

Ba a kore ni ba. Ko daidai ya yi, har yau ban tabbata ba, amma haka na riƙa yi har na ajiye aiki. Allah Ya ciyar da shi inda babu mai tuhuma.