Toktosun, Ɗan da Aka Ba Kaka

Kaliman na murza ƙullin burodi a madafa ta jiyo muryar mahaifiyarsu, Burul, ta bango.

"Wata tara na ɗauke shi, Asanbek! An yi arba'in ɗin tsohuwarka, har yau 'matar Yaya' yake ce mini."

"To ki kama bakinsa ki buɗe mana," in ji mahaifinsu. "Ni ma Yaya yake ce mini, kin ga na rame?"

"Kai dama me ke ramar da kai!"

Maganar Toktosun ake, babbansu su goma sha ɗaya. Yana wata shida kakarsu ta wajen uba ta karɓe shi, yadda ake yi da ɗan fari a garinsu na At-Bashi, ya zama autanta. A gidanta na ƙetaren rafi ya girma, ya koyi ƙira, ya zama mai buga wa dawaki takalmi. Amma duk ƙannen nan goma a bayansa suka ƙetare rafin zuwa makaranta, aljihunsa ba ya rabuwa da busasshen cuku mai gishiri. Ko yanzu da furfura ta cika kan Kaliman, shi kuma ya daɗe da kwanta dama, in an ambace shi, ɗanɗanon cukun nan take fara tunawa.

A ranar, Kaliman ta wanke hannu ta same shi a maƙera.

"Yaya, fushi kake da Inna don ta ba da kai?"

"Ke uwar iyayi, matsa, kar tartsatsi ya ƙona miki gashi ki rasa miji."

Ba ta matsa ba. Ya daɗe yana dukan ƙarfen da ya riga ya miƙe, sannan ya ce, "Shekara talatin da biyu ba ta taɓa dafa kaina ba. In na kira ta Inna, ta ƙi amsawa fa?"

Ashe tsoro ne. Ƙaton da ke danne ingarma da kafaɗa!

"A gaban surukarta za ta dafa ka? Safar ulun da kake samu duk lokacin sanyi, wa kake zaton yake saƙawa? Kaka, da hannunta ke karkarwa? Ni nake kaiwa a ɓoye, a ce daga kasuwa."

Ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa.

Ran Juma'a ya zo cin abincin rana. Ya sha shayi kofi uku, ya tsokani ƙannensa, ya shafa fatiha, bai ko kalli Burul ba. Ran Kaliman ya ɓaci. Da zai tafi, ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da ɗayan, kunnuwansa jawur.

"Inna," ya ce, "safar wannan shekarar ta ɗan matse ni. Ki ƙara mata faɗi."