Tsutsa Mai Goyon Shinkafa

Lambun da ke bakin rafi, ta wajen Bagama, nawa ya kamata ya zama. Na faɗa tun da farko don kada wani ya kai ƙarshe yana tambayar abin da ke cina.

A shekarar da muka ji za a ɗauke sunan garinmu a kai wa sabon birnin tarayya, Baba ya ce gwiwarsa ta gaji da ban ruwa. Ya raba lambun tumatir biyu, rabi nawa, rabi na yayana, ya ce wanda nasa ya fi kyau a ranin nan shi zai riƙe duka. Yaya bai taɓa zama a aji ba. Ni na kai aji biyar a firamare kafin a cire ni, don haka ni ne ɗan bokon gidan, wato wanda ake kira ya karanta katin asibiti, in ya gama a ce ya yi wa mutane shiru.

Muna da ɗan haya a ɗakin soro, mutumin kudu, Kirista, yana koyar da aikin gona a wata makaranta. Tica muke ce masa. Ɗakinsa cike yake da ƙananan kwalabe, kowace da ruwa mai warin asibiti da ɗan ƙwaro a ciki. Inna ta hana kowa shiga, ta ce mutumin da ke jiƙa ƙwari ba don ci ba, Allah kaɗai ya san nufinsa.

Wata yamma na dawo da tsutsa a kan ganye, koriya, bayanta duk wani farin abu a jere kamar ƙwayoyin shinkafa. Duk mai lambu a bakin rafin nan ya san wannan: ƙwan tsutsa ne, uwar ce ta goyo 'ya'yanta, in ka gan ta sai wuta. Zan nufi murhu ke nan Tica ya riƙe mini hannu.

"Ɗan'uwa, sojanka za ka ƙona?"

"Wane soja kuma, Tica? Tsutsa ce."

Ya ja ni ɗakinsa, ya ce farin abin nan ba na tsutsa ba ne, na wata 'yar ƙaramar rina ne. Mu a wurinmu abin iri biyu ne: rina mai harbi, da zanzaro mai ginin laka a bango. Tica ya ce danginsu sun fi mutanen kasuwar Diko yawa, kuma da dama ba su kai ƙwayar gero ba. Ya ciro ɗaya daga kwalba, ya ɗora mini gilashin ƙara girma a ido. Sai ga kai, ga ƙirji, ga ƙugu siriri kamar zare, ga ciki, ga fukafukai huɗu. A wutsiya kuma wata allura. Ya ce ba ta harbin mutum ba ce, bututu ne, mace kaɗai ke da shi, da shi take huda tsutsa ta zuba mata ƙwai. 'Ya'yan su cinye ta daga ciki, su fito su saƙa wa kansu farin gida a bayanta. Shinkafar ke nan.

"To yaya kake bambanta su? Ai duk baƙaƙe ne."

"Jijiyar fiffike," in ji shi. "Wannan tata ta rufe, wannan ta buɗe. Ba gida ɗaya ba."

Na ce a raina, mutum ya baro garinsu ya zo yana bin asalin ƙwari. Amma maganar ta shige ni. Kowace ƙwayar shinkafa rina ce, kowace rina kuma ajalin tsutsa ce.

Washegari na ɗauki ƙwarya na shiga lambunan maƙwabta ina roƙon tsutsa.

"Kawu, in ka ga mai goyo kada ka ƙona, ajiye mini."

"Miya za ka yi?"

Har Zuma na je a keke. Ban taɓa roƙon abin da aka ba ni da sakin fuska irin wannan ba, wasu har da gyara. Na jera su ƙarƙashin tumatirina, na yi musu inuwa da ciyawa.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Baba a tabarma yana jirana.

"An ce kana kiwon tsutsa."

"Ba tsutsar nake kiwo ba, Baba. Abin da ke cikinta."

"Me ke cikinta?"

"Rina."

"To. Gara da ka yi mini bayani, da ina tsammanin tsutsa ce kawai." Ya juya wajen Inna. "A karɓo masa rubutu."

Na sha rubutu har cikina ya yi baƙi. Ina cikin shan nan abin ya ƙyanƙyashe. Ni da Tica muka duba, kowace ƙwayar shinkafa ta buɗe ɗan murfi a kai, masu gida sun fice bakin aiki. Saura busassun tsutsa da gidajen wofi.

Su ne Yaya ya ƙone. Ba mugu ba ne, abin haushin ke nan, tausayina ya ji. Ranar da na tafi kasuwa ya tattara su tsakiyar lambu, ya kira maƙwabta su shaida, ya cinna wuta. Har addu'a aka yi.

Tumatirina ya yi kyan da ba a taɓa gani ba a bakin rafin nan, ja wur, ba huji ko ɗaya. Na Yaya ma haka, don rina ba ta san inda Baba ya ja iyaka ba.

Ranar hukunci Baba ya zaga ko'ina da sandarsa, ya ce, "Yayanka ya gyara nasa, ya kuma ceci naka. Mutum ɗaya ya yi lambu biyu."

Na garzaya na ɗauko Tica da kwalbarsa da gilashinsa. Ya yi bayani tun daga kai har bututu. Baba ya karɓi gilashin, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Ƙugu kamar na wanda ya shekara bai ci abinci ba." Ya miƙa masa abinsa. "Tica, rubutun nan ba ruwansa da addini. In kana so akwai saura."

Lambun na Yaya ne har gobe. Yana nan yana ƙone mai goyo duk inda ya gan ta, ya kuma ƙara da feshin maganin ƙwari. Kowane rani yakan aiko mini da kwandon tumatir, 'ya'yansa su sauke a ƙofa su ce, "Baffa mai tsutsa, ga shi in ji Babanmu." Rabi duk huji. Nakan yanke wurin in ci sauran.