Direktan da Ya Sa Na Toshe Saƙon Ƙanensa

Ko zan manta duk abin da na gani a shekarun da na yi ina tsaron shagon intanet a Birnin Konni, wannan dai zai bi ni har kabari.

Akwai wani direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, dattijo mai sanyin magana, da kan zo daga Dogarawa duk ranar kasuwa ya buɗe imel ɗinsa. Mutum ɗaya ke rubuto masa: ƙanensa da ya tafi Libiya neman aiki, can ya samu taɓin hankali. Ni ke buɗe masa ordinatar, wato kwamfuta, don haka idona kan faɗa kan saƙonnin. Zagi ne zalla. Wai direktan ne ya bar uwarsu ta mutu, wai shi ya yi masa asiri. Dattijon kan karanta har ƙarshe, ya rubuta lallashi, ya fita yana jan ƙafa.

Wata rana ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, akwai yadda za a hana saƙonsa iso mini?"

Na ce, "Akwai, Mushe," yadda muke kiran malaman lakwal. "In ware su gefe, ko injin ya riƙa share su?"

"Ya share. In suna nan, sai na duba. Hawan jini zai kashe ni."

Na yi yadda ya ce. Bai daina zuwa ba. Yakan zauna ya zuba wa akwatin saƙonsa ido, ba komai ciki, ya tashi.

Bayan damina ya shigo, idanu jawur. Wani da ya dawo daga Libiya ne ya kawo labari: ƙanen ya rasu, kuma kafin rasuwar hankalinsa ya dawo, kullum yana hanyar shagon intanet na can don ya rubuto masa saƙo.

"Ɗana, fiddo mini su. Ko guda."

Na bincika ko'ina, duk da na san ba su nan. Na ce, "Mushe, sun tafi."

"To ka faɗa mini, gafara ya nema, ko ya yi kira ne ban amsa ba?"

Ya tashi ya fita. Ban sake ganinsa a shagon ba.

Ban ga laifinsa ba, har yau. Mutum ne da ya gaji. Amma na gane cewa wanda ka toshe yau, ba lalle shi ne zai rubuto gobe ba. Tun ranar, duk wanda ya ce in share masa saƙon ɗan'uwa, sai in ce ya je ya kwana tukuna.