Shafin da Baba Namadi ya rubuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Namadi Jabo a gidansa da ke Tambuwal, bayan jinyar mako biyu.

Baba, ka fara aikin buga tafireta a Sakkwato tun zamanin da kuɗin man fetur ke sa a sayi inji kafin a nemi wanda ya iya shi. Bayan ka yi ritaya ka koyi kwamfuta, ka zama mai karanta mana, a wurin aikinmu, littafin bayanin da nake rubuta wa masu haɗa manhajar waya. Ni ce mai digiri biyu, kai ne mai jan biro; ba kai ka haife ni ba, amma ɗiya kake kira na.

Da ka kai shafin da ke bayanin jan jerin sunaye a fuskar waya sai ka ce, "Ɗiyata, sunayen da sunka haye sama, ina sunka tafi? Ba ki faɗi ba."

Na yi dariya, na ce kowa ya san wannan. Ashe ban da ma'aikatan rigakafin shanu a Kebbe, masu rajistar makiyaya da manhajar da aka haɗa da littafin. Duk makiyayin da sunansa ya fita daga fuskar waya sai su sake shigar da shi, har wani Giɗaɗo ya zama mutum huɗu a jerin, allurai suka ƙare kafin a kai ga garken maƙwabcinsa.

Ba ka ce "na gaya miki" ba. Shafi guda ka kawo mini da hannunka. Ka raba jeri da layi: jeri shi ke riƙe da sunaye duka, layi kuwa gurbi ne da ake sake cikawa yayin da yatsa ke ja. Ka rufe da cewa, "Sunan da ya fita daga ido yana nan, bai ɓata ba."

Na saka shafin kamar yadda yake, ban sa sunanka ba. A wani taro a Sakkwato aka yaba shi, na miƙe na yi godiya cikin tawali'un da ya dace da mai ilimi. Kana zaune a layi na uku, kana tafa mini. Na ce zan zo in nemi gafara idan aiki ya lafa. Wata biyar aiki bai lafa ba.

Jiya na rubuta sunanka a saman shafin. Na san ba ya rage maka zafin ƙasa, ni yake rage wa kunya.

Iyalan Baba, Inna Hadijatu, Lauwali da Maryama, Allah ya ba ku haƙuri, ku yafe mini a madadinsa. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa sunansa cikin jerin da ba a mantuwa da kowa.

Ummulkulsum Atiku, Tambuwal