Ɗakin Goron Baba

A gidanmu na Zango akwai wani ɗaki da mu yara ba ma shiga sai an aike mu. Ɗakin goron Baba ne. Ginin ƙasa ne tun na kakanmu, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, rufinsa azara da ƙasa, tagarsa ɗaya 'yar mitsitsiya can sama. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji sanyi ya ratsa tafin ƙafarka. A nan Baba yake jera huhunan goro. Duk bayan 'yan kwanaki ya kwance su, ya tsince mai tsutsa, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa. Da haka goro yake shekara a hannunsa ya zama daushe, kuma da daushen nan aka san shi. Masu ɗaurin aure daga unguwar Bilbalogo har ƙofar gida suke biyo shi.

Da aka rushe unguwarmu aka ba mu fili a bayan gari, abu ɗaya Baba ya nema, a yi masa ɗaki guda na ƙasa. Ni na hana. Ni ce 'yar boko, ni nake karanta wa gida takardun hukuma da Faransanci, ga ni da baki. Na ce, "Haba Baba, Allah ya raba mu da ginin laka, kai kuma ka ce sai ka koma? A ce mun kwaso ƙauye mun kawo sabuwar unguwa?"

Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "goro ba ya son kwano."

Na ce za a sa fanka. Wallahi haka na ce, har da 'yar dariyata. Aka jera bulo, aka buga kwano, aka shafa shuɗin fenti, na yi ta jawo ƙawayena su zo su gani.

Bazarar farko ta tona mini asiri. Kafin azahar bango ya ɗau zafin da ba ka iya jingina da shi. Fankar tawa iska mai zafi take juyawa tana ƙara busar da ganyen, in aka ɗauke wuta kuma ɗakin ya koma kamar tanda. Baba ya jiƙa buhuna ya rataya a taga, ya riƙa yayyafi sau uku a yini. Goron ƙasa ya ruɓe, na sama ya yanƙwane. Ranar da ya kwance huhu na ƙarshe ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ɓare ɗaya ya miƙo mini rabi, na tauna na ji kamar itace. Ya tattara ganyen ya fita. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na sauko daga girman kaina, na ce a gina ɗakin. Tsohon maginin unguwarmu ashe ya rasu, 'ya'yansa tayil suke mannawa a gidajen bene. Azara kuwa na nema har na gaji. Wani ya ce ya iya, ya ta da mana siririn bango ya ɗora kwano a kai. Ruwan yanzu ba ya zuwa da hankali, na wata guda yake saukewa a yini ɗaya. Daminar farko ɗakin ya rushe.

Yanzu a ofishin da nake buga takardu, samari masu zanen gini suna shigowa da hotunan gidajen tubalin ƙasa. Suna yi mini bayani da Faransanci wai yana riƙe sanyi ba tare da lantarki ba. Ni za su gaya wa. Masu hali ake gina wa irinsu, mu kuma muna nan ƙarƙashin kwanon da na zaɓa, zafi kowace shekara ƙaruwa yake yi. Ina jin haushin kaina, kuma ban ga ranar da zai wuce ba.

Baba ya bar kasuwa. Wanda duk ya biyo shi neman daushe, sai ya kwatanta masa rumfar wani. Yini yake yi a gindin dalbejiyar da na shuka, wadda inuwarta ba ta gama rufe tabarma ba. Ranar Juma'ar nan zan fita ya kira ni.

Ya ce, "Uwata, in kin bi ta kasuwar Sankaryare ki sayo mini goro biyu. Ki duba da kyau, kada su ba ki busasshe."